Abin da Ya Zo Cikin Garin Kuka

Tsohuwata ta aiko mini da taramol har Doha, a cikin garin kuka. Ba ta san abin da ta aiko ba. Lokacin ina zaune a wani gida a unguwar Mansura, mu takwas, dukkanmu mun yi shaye-shaye mun bari. Babbar dokar gidan ɗaya ce: wanda ya shigo da ƙwaya ya ɗauki jakarsa ya fita.

A Funtuwa na fara sha. Dako nake yi a kasuwar hatsi, buhu a ka daga mota zuwa sito, daga sito zuwa mota. Wani abokin aiki ya ba ni ƙwaya ɗaya ya ce in gwada. Ranar na yi aikin mutum biyu ban ji komai ba. Da tafiya ta yi nisa, sai na sha nake iya tashi daga tabarma. Inna takan ga katin ƙwayar a aljihun rigata. Na ce mata maganin gajiya ne. Ta yarda, don tana ganin yadda nake dawowa gida.

Aikin gadi ya kawo ni Qatar. Na ɗauka in na bar ƙasa na rabu da abin. Ban rabu da shi ba. A masaukin kamfani akwai mai sayar da wata iri a ɓoye, na koma kanta. Da aka kama shi aka mayar da shi ƙasarsu, na wayi gari babu inda zan samu.

Wata rana ina zaune a bakin shagon shayin karak, hamma ba tsayawa, hanci na zuba, ƙafa na rawa. Wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji ya zo ya zauna kusa da ni. Da ya buɗe baki na ji Hausar Zangon Kumasi.

"Massa, mura a cikin wannan zafi?"

"Sanyin esi ne," na ce.

"Esi." Ya kurɓi shayinsa. "Ni ma na yi irin wannan esin, na daɗe ina yi. Yaushe rabonka da ita?"

Na miƙe zan tafi. A ƙasar nan ba a yin wannan magana da baƙo. In ta kai kunnen kafil, ubangidan da ya kawo ka ƙasar, sai jirgin komawa gida. Ya riƙe bakin rigata.

"Zauna. Ni ba ɗan sanda ba ne, famfo nake gyarawa. Gama shayinka mu je ka ga wani wuri."

Wurin ɗaki biyu ne da falo, a saman wata baƙala, wato kantin kayan masarufi, cikin tsohon gini. Gadajen ƙarfe masu hawa biyu, firji mai ƙara, igiyar shanya a baranda. Babu allo a ƙofa. Babu likita, babu malami. Mai gidan ya ɗauka ma'aikata ne kawai suka haɗa haya, kuma ma'aikatan ne: masu gadi, direbobi, mai kai abinci a babur, da shi mai famfo da muke kira Ɗan Kumasi. A gidan da garinka ake kiranka. Shugaba wani direban bas ne daga Sakkwato, amma shi ana ce masa Dattijo. Ya daɗe yana shan kodin lokacin da yake tuƙa tirela. Ba gidansa ba ne. Da hannu aka zaɓe shi, da hannu kuma za a iya sauke shi. Duk Juma'a bayan la'asar a zauna a falo, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. In akwai hukunci a ɗaga hannu.

Kamfani suka yarda in zauna a waje, motarsu ta riƙa ɗaukata a bakin titi. Aka ba ni gadon ƙasa, wanda ya fi nisa da ƙofa. Nan sabon zuwa ke kwana.

Ba zan ba da labarin makonnin farko da tsawo ba. Na yi gumi, na yi amai, cikina ya ɓaci, ƙafafuna suka riƙa harbi su kaɗai. Na ɓata zanen gado. Wani ya wanke ya shanya, har yau ban san ko wane ne ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗa. Na zagi Dattijo, na zagi iyayensa. Ya ce, "Na ji. Sha kunun nan." Ɗan Kumasi aka ɗaura mini a matsayin abokin tafiya. Duk mutumin gidan yana da nasa. In za ka wani wuri da ba aiki ba, tare za ku.

Na tsaya da ƙafata. Na fara jin ɗanɗanon abinci. Na koma gadon sama, kusa da taga.

Akwai dokar saƙo. Mutanenmu in za su dawo daga hutu sukan riƙo wa jama'a kaya daga gida: kuka, daddawa, yaji, kilishi, busasshiyar kuɓewa. Kafin zuwana an taɓa kawo wa wani ƙwaya a cikin dambun nama. Mutum uku suka koma ruwa a dalilinsa, gidan ya kusa watsewa. Tun daga nan aka ce ba a zuwa karɓar saƙo sai mutum biyu, kuma ba a kwance shi sai a falo, a kan babban faranti, a gaban kowa. Mai saƙon yana zama a kan tafukan hannunsa. Wani ne zai yanke ɗauri. Duk abin da yake gari sai an tankaɗe shi da rariya. Kilishi a ɗaga shi a duba falle-falle.

Da farko abin ya ba ni haushi. Kamar a kwance maka wando a kasuwa. Daga baya ya zama ranar da muka fi so. Ana tankaɗe yaji, kowa na atishawa, ana zolayar mai kaya.

"Matarka ta aiko maka da turare? To ta ji labari."

"Wannan kilishin ko takalmin soja?"

"Ajiye shi in ba ka so."

"Wa ya ce ba na so?"

Gadina na tsaye ne, daga safe har rana ta faɗi, a ƙofar wani dogon gini. Ba a zama. Ƙafafuna suka fara ciwo, daga dunduniya har gwiwa. Da, na san abin da zan yi wa irin wannan ciwo. Yanzu sai haƙuri. Wata rana muna waya da Inna ta ce ta ji muryata wani iri. Na ce ba komai, ƙafa ce ke damuna, tsayuwa ta yi yawa. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Na manta ma na faɗa.

Bayan wani lokaci wani mutumin garinmu ya kira ni ranar Juma'a da safe. Ya dawo hutu, ya sauka wurin ɗan'uwansa a unguwar Bin Omran, Inna ta ba shi saƙona. Ya ce in zo bayan masallaci, don da yamma motar kamfaninsu za ta kwashe su zuwa wani sansani can wajen gari, bai san ranar da zai sake shigowa ba. Ɗan Kumasi ba ya nan. Bututu ya fashe a wani gida, an kira shi tun da safe. Sauran wasu na duti, wasu na barci. Da na tayar da ɗaya, da ya bi ni. Ban tayar ba. Na ce a raina kuka ce da daddawa, ni kuma na daɗe da warkewa. Na sa takalmi na fita ni kaɗai.

Mutumin ya miƙo mini ƙunshi. Inna ta yanki farin buhu ta naɗe kayan, ta ɗinke da basilla da baƙin zare, ɗinki ƙanana a jere kamar na bakin tabarma. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, na yi godiya na tafi.

A jirgin ƙasa na Metro na ɗora shi a cinya. Ƙamshin daddawa na fita kaɗan-kaɗan, wani Bafilipine da ke gefena ya matsa. Ina ta latsa ƙunshin ina tunanin gida. Nan yaji ne. Nan kilishi. Nan mai laushin kuka ce. Sai yatsana ya taɓa wani abu mai kaifin baki a tsakiyar laushin. Na sake latsawa. Ya ɗan lanƙwashe, ya yi 'yar ƙara.

Ba sai an faɗa mini ba. Yatsuna sun san katin ƙwaya ko a cikin duhu.

Bakina ya cika da yawu. Gumi ya keto mini a cikin sanyin jirgin. Ciwon ƙafar da nake iya daurewa ya tashi gaba ɗaya kamar an zuba mini garwashi a takalmi. Ban yi tunanin Allah ba, ban yi tunanin Inna ba. Lissafi kawai nake: in zare kati ɗaya, in bar sauran a gano a faranti, in yi mamaki tare da kowa.

Na sauka a Mansura. Ban shiga baƙalar ƙasan gidanmu ba, na shiga wata a layin baya na sayi reza. Na shige wani lungu tsakanin gini biyu, inda ruwan esi ke ɗiga. Na kwance takardar rezar. Na tsaya ina kallon ɗinkin. Abin da ya tsayar da ni ba tsoron Allah ba ne. Ina neman inda zan yanka ne in iya mayarwa ba a gane ba, kuma ban ga wurin ba.

"Kai, Ɗan Funtuwa."

Na juya. Ɗan Gusau ne, da tukunyar gas a kafaɗa. Dogo ne baƙi, mai gadi kamar ni, ba ya dariya, kuma tun zuwana ba mu taɓa shiri ba. Ta lungun yake yanke hanya in ya je canjin gas. Ya dubi ƙunshin. Ya dubi rezar.

"Ina Ɗan Kumasi?"

"Yana aiki."

"Wuce gaba. Riƙe rezar yadda take, kada ka sa a aljihu."

Haka muka hau bene, ni a gaba da ƙunshi da reza a hannu, shi a baya da gas. Mutane sukan tambaye ni da bai zo ba me zan yi. Ban sani ba. Ya zo.

Bayan la'asar kowa ya hallara. Ɗan Kumasi ya dawo da jiƙaƙƙen wando. Da ya ji na tafi ba shi, sai ya je ya zauna can nesa. Wannan ya fi mini zagi ciwo. Aka ajiye faranti. Na zauna a kan hannuna. Dattijo ya ɗauki ƙunshin ya juya shi a hankali, ya bi ɗinkin da babban yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Ba a taɓa shi ba," ya ce. "Hannu ɗaya ne ya yi wannan."

"Don na zo da wuri ne," in ji Ɗan Gusau.

Aka yanke zare. Kilishi, yaji, daddawa. Babu mai zolaya. Aka juye kukar a rariya, mai babur ya fara tankaɗe. Garin ya sauka, abin ya fito: katuna ɗaure da roba, sun yi kore da kuka.

Wani ya ce innalillahi. Wani ya tashi ya koma bakin taga ya juya baya. Kowa a ɗakin nan ya san ɗanɗanon abin da ke cikin rariyar.

Ɗan Gusau ya fara magana. "Ya tafi shi kaɗai. Ya sayi reza. Na same shi a lungu. Ga kaya a faranti. Me ya rage? Ya ɗauki jakarsa."

"Kai ka ce a aiko?" Dattijo ya tambaye ni.

"A'a."

"Duk wanda aka kama haka yake cewa," in ji Ɗan Gusau. "Ni ma haka na ce wa babana."

Na san inda zan koma in an kore ni. Masaukin kamfani, ɗaki mai cunkoso, babu mai tambayarka ina za ka. An ce wani sabon mai sayarwa ya maye gurbin na da. Ba zan yi mako a can ba.

Dattijo ya miƙo hannu. "Ba ni wayarka. Wa ke riƙe wa tsohuwar waya?"

"Ƙanwata."

Ya kira, ya buɗe murya kowa ya ji. Ƙanwata ta kai wa Inna. Dattijo ya gyara zama kamar tana gabansa.

"Salamu alaikum, Hajiya. Barka da Juma'a. Ni ne babba a gidan da ɗanki yake zaune."

"Alaikumus salam, Malam. Lafiya dai ko? Yaron nan lafiya?" Ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana.

"Lafiya ƙalau, ga shi a zaune. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Kilishin nan har an fara faɗa a kansa."

Ta yi dariya. "Ku ci, ai don ku aka yi."

"Hajiya, mun ga wani magani a cikin kuka. Shi ya ce a aiko masa?"

"Shi? Wannan ko ciwo zai kashe shi ba ya roƙo. Ni na ji ya ce ƙafa. Na aika wurin abokinsa na kasuwa, na ce a samo masa irin maganin gajiyar da yake sha da can. Shi abokin ne ya ce in tura cikin kuka kada zafin hanya ya lalata shi. Ba shi ba ne? An canza mini?"

Na sunkuyar da kai. Dattijo ya dube ni, ya ga ba zan iya ba, ya ci gaba da kansa.

"Shi ne, Hajiya. Amma a ƙasar nan an hana shi. Wanda ya riƙo miki, da an gani a jakarsa, da yanzu yana tsare. Allah ne ya rufa asiri. Kuma ba maganin gajiya ba ne. Yana cin mutum. Ya ci ni, ya ci duk wanda ke ɗakin nan. Ɗanki ya bar shi da daɗewa, da wahala ya bari."

Ana jin akuya na kuka a bayan Inna.

"Shi ne yake sa shi barci a zaune da lomar tuwo a hannu?"

"Shi ne."

"Ni kuwa na ɗauka aiki ne." Muryarta ta canza. "Malam, da hannuna na ɗinke masa."

"Ba ki sani ba, Hajiya. Babu laifinki."

"Ku riƙe mini shi. Don Allah ku riƙe mini shi."

"Muna ƙoƙari," in ji Dattijo. Bai yi mata alkawari ba, don ba shi kaɗai ke yanke hukunci ba.

Da aka kashe wayar, Ɗan Gusau ya ce, "To, bai ce a aiko ba. Na yarda. Rezar fa? Aski zai yi a lungu?"

Dattijo ya juyo gare ni. "Rezar ta mece ce?"

"Ta yanke ɗinki."

"Ka san abin da ke ciki?"

"Na ji shi a Metro."

"Da ka sha?"

"Ban sani ba."

Ɗan Kumasi ya yi magana karo na farko. "Cale, abokina, me ya hana ka kira ni? Da na bar musu ruwan ya cinye gidan." Ya juya ga jama'a. "Ni na kawo shi. Na ga lokacin da ba ya iya riƙe kofi. Ya yi wauta. Amma ƙwayar ba ta shiga bakinsa ba, kuma da hannunsa ya hawo da ita bene."

"Da ni a bayansa," in ji Ɗan Gusau.

"To ai don haka muke zaune tare, massa. In ba don a samu wani a bayanka ba, me muke yi mu takwas a ɗaki biyu? Son warin ƙafarka muke?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta.

Aka ce in fita baranda. Na tsaya cikin kayan shanya, zafi na dukan fuskata, ina kallon masu wankin mota a ƙasa. Ina jin muryoyi, ba na jin kalmomi. Da aka kira ni na shigo, Dattijo ya faɗi hukunci. Mutum biyu sun ce in tafi, sauran sun ce in zauna. Zan koma gadon sabon zuwa. Ba fita ko baƙala ni kaɗai sai ranar da gida ya yarda. Wanke banɗaki nawa ne.

"Kuma an canza maka abokin tafiya," ya ce. "Ɗan Gusau ne."

Muka ce "Me?" tare, ni da shi.

"Haka ake yi a gidan nan. Wanda ya fara cewa ka tafi, shi ake ɗaura maka. Mai sonka zai kau da kai. Wannan ba zai kau ba." Ya dubi Ɗan Gusau. "Kai ka ce ba za a iya yarda da shi ba. To ga shi nan, ka tsare mu daga shi. Khalas, an gama."

Saura zubarwa. Mai kaya shi ke zubar da kayansa. Aka kawo bokiti da ruwa, aka tsiyaya maganin wanke banɗaki a ciki. Na riƙa ɓallo ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa. Wata ta kuɓuce ta gangara ƙarƙashin kujera. Mutum uku suka durƙusa nemanta, aka samo, aka jefa. Aka juye a masai, aka kora ruwa. Katunan da babu komai Dattijo ya yayyanka da almakashi. Ya ce gobe shi zai kira mutumin da ya riƙo saƙon ya gaya masa, don kada ya sake ɗaukar kayan da bai ga cikinsa ba.

Aka yi gardama ko za a ci kukar. Ɗan Kumasi ya ce kukar ba ta yi laifin komai ba. Ya kaɗa miya, ya tuƙa tuwon semo, ya cika mata barkono irin na mutanen Zango. Muka ci muna sharar hanci.

"Wannan miyar ko hukunci na biyu?" in ji mai babur.

"Ci ka yi shiru. Ku 'yan Najeriya ba ku san abinci ba."

Ɗan Gusau bai ci ba. Yana zaune a kan bene.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Ƙwayar ba ta shiga jikina ba, amma taɓa ta kawai ya tayar da komai. Ɗan Gusau ya manne mini. Ya raka ni bakin titi da safe, ya tsaya sai motar kamfani ta tashi. In na dawo ya laluba aljihuna, ya sa in cire safa. Ya sa mini suna Mai Reza. "Yalla, Mai Reza, tashi." "Mai Reza, banɗakin nan bai fita ba." Na tsane shi sosai.

Wata ranar hutu abin ya taso mini da ƙarfi. Na sa takalmi na ce zan je tsohon masaukinmu gaida wani. Ya san wanda zan gaisar. Bai hana ni ba. Ya sa nasa takalmin ya biyo ni. Muka hau Metro. Da muka zo tashar da zan sauka, ya miƙe doguwar ƙafarsa ya tare hanya, yana kallon gaba abinsa. Ƙofa ta buɗe, ta rufe. Muka je har ƙarshen layi. Muka dawo. Muka sake komawa. Da ya ga kafaɗuna sun sauka, ya juyo gare ni.

"Ta wuce?"

"Ta wuce."

"To mu je gida, yunwa nake ji."

A hanya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ranar nan da na ga katin, sai da na ji ɗacinta a maƙogwarona. Ina da 'ya'ya a gida. Ba don na tsane ka na ɗaga hannu ba." Ya yi 'yan taku. "Amma kuma ba sonka nake ba."

Shi ne kuma ya gano maganar ƙafar. Yana duba takalmina wata rana ko na ɓoye wani abu, sai ya juya shi ya dubi ƙasan, ya dubi ƙafata.

"Wa ya ba ka wannan?"

"Kamfani."

"Ya yi maka kaɗan, sakarai. Ka ce musu lambarka?"

"Abin da suka miƙo na karɓa."

Ni ban saba da takalmi mai rufi ba. Silifa na sani. Na ɗauka haka yake matse kowa. Ya jawo nasa na ajiya daga ƙarƙashin gado ya wurgo mini. Ya sa na riƙa jiƙa ƙafa a ruwan zafi da gishiri in na dawo, ya tsaya a kaina sai na yi. Ciwon bai tafi duka ba, amma ya koma wanda mutum zai iya ɗauka.

Inna ta daɗe ba ta sake aiko komai ba. Da ta sake, a buɗe ta ba wa mai tahowa, ta sa ya duba kowace leda a gabanta. Ba mu taɓa tayar da maganar ba ni da ita. Takan ce, "Ka gaida Malam da mutanen gidan." Wani lokaci ta ƙara, "Da dogon nan mai faɗa." Ƙanwata ce ta ba ta labarinsa.

Gida ya yarda in riƙa fita ni kaɗai bayan sanyi ya shigo. Ɗan Gusau ne ya kawo maganar a zaman Juma'a. Ya ce ya gaji da ganin ƙeyata. Daga baya kwantiraginsa ya ƙare ya koma gida, yana sayar da kayan gini. Yakan turo mini murya a waya, ba sallama ba gaisuwa: "Mai Reza, kana nan ko ka faɗi?" In ce ina nan. Ya ce to.

Ban iya godiya da baki ba. Ban taɓa ce wa ɗayansu na gode ba yadda ya kamata. Mutanen nan ba dangina ba ne, ba garinmu ɗaya ba, kowa da nasa ciwon, kuma suka ɗauki nawa suka haɗa.

Yanzu na bar gadi, ina tuƙa motar wani kamfanin kai kaya. Na bar wa wani gadona a Mansura, don akwai masu jira. Ina zaune a unguwar Fereej Abdel Aziz tare da wasu direbobi biyu, kuma duk Juma'a bayan la'asar ina gidan. Ban sha ba. Ina Doha, lafiyata ƙalau.